Mai Jiran Kira a Jikin Dutse

A ƙauyenmu, kudu da Damazin, waya ba ta samun shabaka, wato sabis, sai a kan dutse. Hanya biyu ce: gajera, a miƙe kamar bango, da doguwa mai zagayawa ta bayan gonakin dawa.

A mararrabar na tarar da wata dattijuwa, baƙuwa. Tob ɗin da ta lulluɓa da shi ya koɗe, gwiwar hagu ɗaure da tsumma, ƙaramar waya a hannu. Tana duban gajeriyar, tana duban rana, tana shafa gwiwa.

Na ce, "Inna, ki bi doguwar mana."

"Ita na bi jiya, ya waladi, ɗan nan. Ko da na isa, ya kira har ya gaji. Da la'asar kaɗai ake ba shi waya."

Ban tambayi ko wane ne ba. Wataƙila ɗanta ne, a inda ba a fita sai da izini.

Ta tuɓe takalma, ta kama dutse da hannu biyu. Taku ashirin, gwiwar ta ƙi. Hawa ya gagara, saukowa ta fi ban tsoro. Ga ta can zaune, ta ɗaga wayar iya tsawon hannunta, ladan kuwa ya fara kiran la'asar.