Malamin Da Aka Kora Daga Aji Saboda Awaki Huɗu

Ni ne tsohon ɗalibinsa, mai digiri a fannin lissafi da sakamako mafi daraja. Na ɗauki alƙalami domin abu biyu: in yi ta'aziyyar malamina, in kuma nemi kwamitin makarantarmu ya wanke sunansa daga zargin da ya bi shi har kabari.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha biyu ga watan Maris, Allah ya karɓi abinsa.

Malam, kai ne ka fara nuna mini cewa lissafi ba dodo ba ne. Ina tuna ranar da ka rubuta a allo: a wani garke akwai kaji da awaki, kawunansu goma, ƙafafunsu ashirin da takwas, nawa ne awakin? Idanunmu suka raina fata. Ba ka ɗauki bulala ba. Ka ture bencina gefe, ka share simintin da hannunka, ka fito da mu goma, wasu a tsaye a matsayin kaji, wasu da rarrafe a matsayin awaki. Ka ce: "Kowace dabba ta ɗauke ƙafa biyu!" Kajin suka ɗare kan benci suna ƙyalƙyala dariya, awakin suka miƙe tsaye. Ƙafa takwas suka rage a ƙasa, wato awaki huɗu. Abin da daga baya na gamu da shi a jami'a cikin manyan ƙa'idoji masu rikitarwa, a gwiwata na fara fahimtarsa.

Shekaru uku da suka wuce, kana tsakiyar wannan darasi da wasu yaran, shugaban kwamiti ya leƙo ta taga, ya hangi autansa yana rarrafe.

"Malam, ɗana za ka mayar akuya?"

"Ranka ya daɗe, dakata kaɗan ka ga amsar."

Bai dakata ba. Ba bincike, ba jin bahasi, aka yanke cewa kana wulaƙanta ɗalibai, aka raba ka da alli, aka tura ka sito kana gadin karyayyun kujeru. Ba ka kai ƙara ba. Yaran da lissafi ya gagara suka riƙa bin ka can lokacin hutun tara, kana zana musu da yatsa a kan ƙurar tebur. Matarka kuwa ta sha habaicin maƙwabta har ta daina fita. Da na je gaisuwa, ta ce da ni: "Ɗana, har ya cika yana tambaya ko an ce ya koma aji."

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka, ya sa koyarwarka ta zame maka sadaka mai gudana. Allah ya ba matarka Inna da 'ya'yanka da mu almajiranka haƙurin jure wannan babban rashi.

Ku kuma mambobin kwamiti, hukuncinku ya saɓa wa hankali, ya saɓa wa adalci da duk wata falsafar koyarwa. Ina buƙatar amsa a rubuce, da sa hannun shugabanku, wadda ta janye zargin baki ɗaya, kafin ƙarshen ranar Juma'a, ashirin da tara ga wannan wata. Kada a aiko mini da ita. Shugaban ya kai ta da ƙafarsa, ya tsaya a ƙofar gidan mamacin, ya karanta wa matarsa da murya yadda maƙwabta za su ji.