Daɓen Inna da Ranar Haihuwar Baƙo

Shekara goma sha biyu ke nan gidan rediyo na taya wani mawaƙin ƙasar waje murnar ranar haihuwarsa a ranar da uwata ta rasu, kuma ko sau ɗaya ba su taɓa ambatar sunanta ba. Na san ba su san ta ba. Wannan bai hana ni jin haushi ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kai ba.

Kun san shirin nan na safe da ake jero abubuwan da suka faru a rana irin ta yau: an yi yaƙin kaza, an buɗe gadar kaza, faifan wane ya fito, an haifi wance. Ranar da Inna ta cika, a ƙauyenmu da ke gefen Birnin Tsaba, rediyon ƙanena na rataye jikin danga, ba wanda ya tuna ya kashe shi. Ina riƙe da ƙafafun Inna ina jin sanyi na hawowa daga yatsu, mai shirin kuwa yana cewa yau aka haifi wannan mutumin, har ya saka mana waƙarsa. Ban yi kuka ba. Kiɗan na tsaya saurare, sai da wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Kulu, saki ƙahwahun ga, ta tahi."

Lokacin ban san boko ba, kalanda a wurina hoto ce ta ado. Sai daga baya na shiga ajin manya a nan Kaura Namoda, ina da furfura, na koyi riƙe biro. Dangi da watan Musulunci suke lissafin rasuwar, shi kuwa kowace shekara gaba yake matsowa, har sadakar Inna ta fita daga damina ta faɗa bazara. Ina zuwa, ina kai nawa ƙosan, Allah ya kai lada kabarinta. Amma ni da damina uwata ta mutu, gero na fitar da kai. Don haka nake jiran wancan mawaƙin. Mutumin da ban san fuskarsa ba, ban san abin da yake faɗa ba, shi ne mai yi mini shelar mutuwar uwata duk shekara.

Ita ma mawaƙiya ce, abin da nake so ku sani ke nan. Hajo sunanta, zabiyar daɓe. Yaran yanzu sai an yi musu bayani: kafin siminti ya zo, in za a kai amarya, mata ne ke gyara ƙasan ɗakinta. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta na icce, su yi ta duka har ƙasa ta kwanta, sannan a shafe da ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, ya yi ja yana ƙyalli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannu da yawa ba ya sauka tare sai da waƙa. Inna ke bayarwa, mu muna amshi. In ta ja, madaɓai su tashi. In muka amsa, su sauka. Maza ba sa matsowa, sun ɗauka duk habaici ne da zancen ɗaki. Akwai shi, ba ƙarya. Amma amshin da muka fi yi shi ne, "Yau mu bisa ke, gobe ke bisa mu." Da ƙasa muke magana.

Da daɓe Inna ke riƙe tarihin ƙauyenmu. In mace ta zo tambayar shekarun ɗanta, ba ta cewa shekara kaza. Sai ta ce, "Ke dai ba ki da kai. Ba cikinai gare ki ba sadda munka daɓe ɗakin Ta'Allah, kina duka kina amai? To wanga ya girme ma ɗan Ta'Allah da damina guda." Ta san ɗakin da aka daɓe shekarar fara, da wanda aka daɓe shekarar da gulbi ya ci gonakin fadama, da wanda aka bari rabi saboda an yi rasuwa. Nata shirin ke nan na rana irin ta yau, kuma duk waɗanda ke cikinsa mun san su, mun ci tuwo da su.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Da ta ga katin shaidata, inda wani yaro mai na'ura ya rubuta an haife ni ɗaya ga watan ɗaya, ni da rabin matan ajinmu, na san dariya za ta yi har ta riƙe ciki, ta ce ashe ranar nan ungozoma ba ta zauna ba. Da ta ga ɗakin amaryar yanzu da tayil mai santsi, sai ta taka ta ce yana da kyau, amma wa ya yi masa waƙa? Abin da ban san me za ta ce a kansa ba shi ne ƙauyen. Ɓarayin daji sun tashe mu. Mutanenmu wasu na Zurmi, wasu na Shinkafi, wasu mun daina tambaya. Ɗakunan da ta daɓe rufinsu ya faɗa ciki, ciyawa ta fito ta tsakiya. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni ban ma san ko ina jin wani abu ba. In aka kawo labarin an kashe wane, innalillahi nake yi da baki, hannuna na ci gaba da tsince shinkafa.

Ɗaki ɗaya ya rage da hannunta a ciki, iya sanina. Nawa ne. Ita ta taho Kaura da matanta a bayan mota ta daɓe mini shi lokacin aurena. Na haihu a kansa, na yi takaba a kansa. Bakin ƙofa ya fashe, tsakuwa na fitowa, in ruwa ya feso sai ya yi taɓo.

Ranar Talatar da ta wuce mawaƙin ya sake ƙara shekara. Ina zaune rediyo na gefena, ina jiran in ji ko bana wani abu zai motsa a ƙirjina, sai ga babban ɗana Lawali ya yi sallama, masu kura na biye da shi da buhunan siminti.

"Inna, gobe birkila na zuwa," in ji shi. "Ɗakin ga ya ishe ni kunya. Abokaina su zo gaishe ki, su iske ki bisa ƙasa awa marar ɗiya."

Na ce, "Ƙasar ga kakarka ce."

Ya ce, "Kakata na kushewa, Allah ya jiƙanta. Wagga ƙasa ce, kuma tana sa maki sanyin ƙashi."

Bai yi ƙarya ba, kuma don alheri ya yi. Da ya tafi na jawo madaɓin Inna daga ƙarƙashin gado, na durƙusa bakin ƙofa, na ce bari in gyara fashewar da kaina ya gani. Na ɗaga hannu, na buɗe baki, sai na ji ba komai. Amshi na nan daram. Abin da ake faɗa kafin amshi, shi ne babu. Duk shekarun nan a bayanta nake durƙusawa, ban taɓa koyon bayarwa ba, don ban taɓa zaton za a wayi gari ba mai ba ni ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haka muke cewa, muka bar mata ita har ta tafi da ita. Na daɗe a durƙushe da icce a sama kamar mai jiran a kira sunanta.

To me ya rage na Hajo zabiya? Ba faifai, ba hoto sai guda da ya dushe, ba ranar haihuwa da wani zai karanta da safe. Akwai ƙasan ɗaki mai fashewa, akwai rabin waƙa a bakina. Sauran rabin, in yana nan, yana wurin mutum ɗaya: Gwaggo Ige, aminiyarta, wadda ke karɓar bayarwa in muryar Inna ta dushe. Tana Badarawa ta ƙasar Shinkafi, wajen jikokinta. Na ji an ce tun farkon damina ba ta fita, sai kunu take iya sha. Na kuma san abin da ake faɗa game da hanyar Shinkafi, ba sai an maimaita mini ba.

Washegari birkila ya zo da cebur ɗinsa. Na nuna masa madafa da zaure, na ce ya zuba simintin can, Allah ya yi wa Lawali albarka. Na ja ƙofar ɗakina na sa kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zane. Na sa madaɓin a jaka, ƙotarsa na leƙowa, na nufi tasha.

Direban motar Shinkafi ya dubi jakar ya ce, "Hajiya, wanga icce hwa? Da shi za ki tare muna mutanen daji?"

Na ce, "Waƙa za ni ɗaukowa. Ja mota tun mai ita na da rai."