Bututun da Kowa Ya Tsotsa

Tun da Rasamalar ta yi wayo, leɓenta bai taɓa sauka a bakin kofi ba. A ƙauyenmu na masunta, can arewa da garin Tirinkomali, haka kowa ke shan ruwa: ka ɗaga kofin tagulla sama, ka buɗe baki, ka tsiyaya, don kada yawunka ya ɓata wa na bayanka. To amma ita tata tsaftar ta wuce misali. Idan baƙo ya yi kuskuren kafa baki a kofinta, sai ta jira ya fita, ta ɗauki kofin da ganyen ayaba, daga ranar ya zama na kaji. Kullum kafin hantsi ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta zana ado da garin shinkafa, kuma kaicon yaron da ya taka mata.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinta. Mijinta Murugesu ya fita kamun kifi a ɓoye zamanin yaƙi, lokacin da aka hana shiga teku, iska ta taso, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba gawar da za a ƙone bisa al'ada, ba toka, ko katakon jirgi ba a tsinta ba. Duk shekara, ranar da ake zuwa bakin ruwa a yi wa matattu addu'a, sai ka ga kowa ya san inda aka zuba tokar nasa, ita kuwa tana tsaye da faranti a hannu, ta rasa inda za ta fuskanta. Wannan abu ya daɗe yana cin ta, ba ta dai faɗa.

Da yaƙi ya ƙare aka gyara hanya, sai baƙi suka gano mu. Wai gaɓarmu shiru, wai ruwanmu garau. Ɗanta Kugan, wanda aka goya da kuɗin busasshen kifi, ya rataye raga ya sayo kayan kallon ƙarƙashin ruwa: gilashin da ake ɗaurawa a fuska, da wani bututun roba da ake cusa bakinsa cikin baki a riƙa numfashi. Ya kwashe baƙin a kwale-kwale ya kai su bayan dutse, su kife a ruwa, fuska a ƙasa ɗuwawu a sama, wai suna kallon kifi. Kifin da mu muke ci!

Wannan duk da sauƙi. Ranar da Rasamalar ta ga wani ƙaton Bature ya zare bututu daga bakinsa, yawu na bin sa zara-zara, Kugan ya karɓa ya ɗan kaɗa a ruwa ya miƙa wa wata mata ta cusa a nata, sai da ta dafa bishiyar kwakwa. Ba ta gama farfaɗowa ba, ta ga matar ta tofa yawu a cikin gilashin, ta murza da yatsa, ta manna a idonta.

“Kai Kugan! Me nake gani haka?”

“Amma,” in ji shi, haka muke kiran uwa a yarenmu, “don kada ya yi hazo ne. Kowa haka yake yi.”

“Kowa? Tir! To kada ka kuskura ka taɓa mini tulu da hannun nan.”

Rigima ta gaske ta tashi ne ranar da ta tarar da tarin bututun nan jibge cikin kwanon da take wanke shinkafa. Surukarta Jeyanti ce ta jiƙa su.

“Mami, bokitin ne ya fashe. Ai da sabulu na wanke.”

“Sabulu! Yawun mutanen duniya kaf, masu cin kaza da masu cin abin da ba a faɗa, shi za ki wanke da sabulu? Ɗauki kwanon, na ba ki, ki yi ta dafa wa mijinki a ciki.”

Tun daga nan ta raba murhu. Ta kuma yi rantsuwa a gaban maƙwabta, cewa gara ta haɗiyi ƙaya da wannan ƙazantar ta kusanci bakinta. Aikinta ya zama sayar da ɗanyar kwakwa a gindin bishiya, tana fasa wa baƙi, tana kallon su suna fitowa daga ruwa jajaye kamar dafaffiyar ƙaguwa, tana tsaki.

Ana nan sai wata 'yar ƙasarmu da ta girma a Kanada ta zo da iyalinta. Bakinta bai manta yarenmu ba, kuma ba ya hutawa. Ta fito jiƙe, ta zauna kusa da tsohuwa, ta dungura mata waya a fuska.

“Kaka, kin taɓa ganin jirgin 'yan fashin tekun? Ɗanki ya ce ya shekara ɗari a ƙasa. Dubi, ga mijina nan ya taka hancinsa!”

Rasamalar ta kai ido don dai a rabu lafiya. Ga wani mutum da tumbi ya miƙa ƙafa kan goshin wani jirgi da ya nutse, ciyawar ruwa ta rufe shi. Kusa da diddigensa, ga ɗan ƙaramin mashi a kafe, irin wanda masunta ke sayowa a ɗakin bauta don tsari. Bakinsa a karkace yake zuwa hagu. Ita ta karkata shi, ranar da ya suɓuce mata tana goge shi da tsamiya, uban Kugan ya yi ta mita har suka kwana ba sa magana. Wani farin abu kuma yana rataye a jikinsa, ba ta gane ko mene ne ba.

Ta bar kwakwa da adda a nan, ta tare Kugan yana jan kwale-kwale kan yashi.

“Tun yaushe ka sani?”

Ya dube ta, ya ga ba wurin tsira. “Tun da yaƙi ya ƙare aka buɗe bayan dutse, Amma.”

“Shi ne ka mai da ubanka ɗan fashi, ka kai ƙartai suna taka shi?”

“In na ce na Appa ne, wa zai shiga? Kuma ke, in na faɗa miki, me za ki yi? Ba ki iya iyo ba. Daga cikin jirgi ba a ganin komai, sai ka sa gilashi ka sa bututu, ke kuwa kin rantse.”

“Kunya ba ta kashe ka ba?”

“Ta kusa,” in ji shi, kansa a ƙasa.

Yinin ranar ba ta ci komai ba. Ga inda mijinta yake, jifa kaɗan daga ƙofar da take sharewa kullum, amma hanyar zuwa ta bi ta bakin mutane dubu. Duk sanda ta tuna yawun Baturen nan sai ta fasa zuwa. Ta tuna mashin, sai ta sake ɗaura niyya.

Washegari da safe, kafin baƙi su tashi, ta fito ta tamke zanenta na sari tsakanin ƙafafu. “Tura jirgi,” ta ce.

Kugan ya sa mata rigar hana nutsewa. Da suka zagaya bayan dutse ya kashe inji, ya zaro wani bututu daga leda. “Wannan sabo ne dal, Amma. Ba wanda ya taɓa sa shi.”

Ta karɓa da yatsu biyu ta juya shi. Ga sawun haƙora nan a jikin robar, wani ma ya tauna har ya ɗan yage gefe.

“Sabo ne, amma ya zo da haƙoransa? Ƙarya dai ta zame maka sana'a.”

“Su ke nan gare ni. Ki bari in aika Kolombo, mako mai zuwa...”

“Ubanka ya jira ni shekarun nan duka, in ƙara masa mako don ina ƙyama?”

Ta goge shi da toka da lemun tsamin da ta ƙullo a gefen zane, ta ɗauraye, ta sake gogewa. Duk da haka da ya shiga bakinta sai da ta yi kakarin amai, hawaye ya cika mata ido. Ɗanɗanon roba ne da gishiri da wani abu mai yauƙi da ba ta so ta san sunansa. Haƙoranta suka faɗa daidai ramin haƙoran wani. Kugan ya sauke ta a hankali, ta rungume tayar roba da ke ɗaure da igiya, ta kifa fuska. Ba ta ga komai ba sai fari fat.

Ta ɗago a fusace. “Hazo!”

Kugan ya sosa ƙeya. “Sai kin... kin dai sani, Amma.”

Ta harare shi harara mai tsawo. Sannan Rasamalar, wadda ko a kwata ba a taɓa ganin ta tofar da yawu ba, ta cire gilashi ta tofa a ciki, ta murza da yatsa, ta mayar a idonta.

Sai ga shi nan. Kusa ƙwarai, bai fi tsayin mutum biyu ba. Jirgin ya kwanta a gefensa, ƙananan kifaye masu ratsin rawaya suna shiga suna fita ta inda Murugesu ke zama riƙe da inji. Mashin ya yi kore shar. Farin abin da ke rataye a jikinsa kuwa kunzugun jariri ne, irin na yarwa, ya kumbura yana lilo. A cikin jirgin ga robobin ruwa, ga ledojin burodin da baƙi ke jefa wa kifi, ga takalmi wari ɗaya. A jikin katangarsa wasu sun kankare ciyawa sun karce sunayensu.

Mutumin da ba ya shiga ɗaki sai ya wanke ƙafa! Kuka ya zo mata, amma ba a kuka da bututu a baki, sai wani gurnani da ya riƙa fita ta sama. Kugan da ke jin sa daga cikin kwale-kwale ya kau da kai.

Da ya jawo ta ciki, ta tofar da abin ta yi amai a gefe, ta kurkure baki har sau nawa. Ya miƙa hannu zai karɓi bututun ya jefa cikin 'yan'uwansa, ta buge hannun.

“Sauka ka ciro ƙazantar nan daga kan ubanka. Da hannunka.”

Ya sauka, ya ciro, ya sake komawa ya kwaso ledoji. Tana zaune tana rawar sanyi, ta yagi bakin sarinta ta ɗaure a wuyan bututun don kada ya gauraya da sauran.

“Ai an gama, Amma. Ni zan riƙa kula da wurin. Ba sai kin ƙara sa wannan abin a baki ba.”

“Kai? Tun da na haife ka ka taɓa ɗaukar tsintsiya?” Ta dubi bututun, tsigar jikinta ta sake tashi, ta dai cusa shi a ƙugu. “Gobe ka tashe ni da wuri, ka taho mini da doguwar sandar da nake tsinko zogale. Akwai leda ɗaya a ƙarƙashin mazauninsa, ba ka gan ta ba.”