Tuwon Baƙi, Ɗumamen Jikoki

Kakata, wadda muke kira Inna Tsohuwa, tuwo take sayarwa a bakin kasuwar Buza, cikin wata rumfar kara mai kallon hanyar ayari. Duk wanda ya zauna sai ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta cuɗe akushi da toka ta ɗauraye, sannan ta ɗebo miya tana tururi. Mu jikokinta kuwa saura ne rabonmu. Da yamma ta kawo shi gida ya kwana, da safe ta mayar da shi wuta ya tafasa ya sake tafasa, mu ci ɗumame.

Na tsani baƙin nan. Akwai wani Buzu mai gishiri da na tsaya ina kallo wata rana: ya ɗaga rawaninsa kaɗan, yana tura loma, man shanu na bin yatsunsa. Kakata ce fa, amma shi ke cin sabo.

Ranar, bayan sallar isha, da aka hura wutar kara a tsakar gida don ɗari, na zauna nesa na juya baya.

"Mi ya samu maigidana yake kumburi?" in ji Inna. "Ko an yi maka kwacen mata?"

Na ce, "Kin fi son baƙi da mu."

Ta yi dariya har da tari. "Matso, miji marar ko akuya. Ga wata nan tahe."

Yara suka ce, "Ta iso mu ji!"

Wai Bushiya da Dila kowacce na da rumfar tuwo a mararraba. Rumfar Bushiya kullum cike, Dila na kallo tana cizon yatsa. Sai ta lura Bushiya ba ta sayar da miyar da ta kwana, gida take kai ta. Dila ta ce wannan wauta ce. Ita sai ta riƙa juye ta jiya cikin ta yau, ta ƙara daddawa da barkono su rufe tsamin, ta cika akushi har baki. Wata rana raƙuma suka ci suka wuce. Can cikin daji, inda ba rijiya ba inuwa, ciki ya murɗa musu. Ƙaraminsu bai tashi ba. Sauran ba su dawo sun yi faɗa ba, sun dai ba da labari a kowace rijiya. Da Dila ta fito wata safiya, sai ta tarar hanyar kanta ta kauce, ciyawa ta tsiro a ƙofar rumfarta.

Inna ta tura kara cikin wuta ta dube ni. "Kai in cikinka ya ɓaci, ga ni, ga uwarka, ga jiƙo. Shi baƙo can zai kwanta inda ba a san ko sunan uwarsa ba. Wa zai riƙe masa kai?"

Ban gamsu ba. Na ƙudura a raina in na girma zan yi tafiya mai nisa, in dawo da rawani, in zauna a rumfarta kamar baƙo, ta zuba mini sabo.

Na yi tafiyar kuwa. Na ci abinci a Kumasi, inda mata ke rufe tukunya da farin ƙyalle, na ci a birnin Lami, na ci a otel ɗin Faransa inda kuku ke sa doguwar farar hula. Da kowane yare na iya tambaya, "Ta yau ce?" Kowa kan ce e. A wata tashar jirgin ruwa na kwanta ina amai, ba mai riƙe mini kai, sannan na gane maganar Inna. Da na dawo Buza da rawanina, an riga an binne ta.

Shekaru bayan haka, a Agadas, wani tsohon Buzu ya ji daga Buza nake. Ya ce da Tamajak, yaren Buzaye, "Akwai wata mai tuwo can, a bakin kasuwa. Ita kaɗai muke yarda mu ci nata kafin mu shiga daji." Ya lumshe ido yana kwatanta mini miyar.

Na ce kakata ce. Ya kama hannuna yana yi mata addu'a, ina cewa amin. Amma Allah ya sani, da furfurata da komai, kallon da na yi wa bakinsa shi ne dai kallon da na yi wa mai gishirin nan. Shi ya ci sabo.