Kuben Baba Soja Ya Kwana a Gida

Ina kasuwar Kabo ina tsokanar mai rake aka dafa kafaɗata. "Sani, kakanka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abokin wasana ya tafi.

Kakana Baba Soja ya yi yaƙin Bama. Bangon ɗakinsa a Unguwar Tudu cike yake da kuben banati, wuƙar nan da soja ke kafawa a bakin bindiga. Ba wuƙa ko ɗaya a ciki. Nakan ce, "Tsoho, gidaje ka tara ba masu gida." Sai ya ce, "Ja'iri, wuƙa ta kashe, kube ya hana. Wanne ya fi cancantar a ajiye?"

Nasa na kansa yake nema. A shekarun ostariti, da yunwa ta matsa, ya bayar da shi a bakin kwanon dawa don iyayenmu su ci. Tun daga nan yake bin ƙauyuka, ya samo na kowa ban da nasa.

Na taɓa sa wani baduku a Garo ya ɗinka irinsa, na binne a gindin rumbu har ya yi kamar tsoho, na kai masa. Shinshinawa kawai ya yi. "Jimar bagaruwa ce. Bature bai san bagaruwa ba. Sake dabara, mai ƙwace min mata."

Bara, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, yana kwance ba lafiya, na ga wani kube a Masanawa, wata tsohuwa na ajiye mazarinta a ciki. Na ba ta na bogen, ta ce, "In dai mazari zai shiga, ɗauki."

Da na miƙa masa ya juya fuska. "Ɗauke wasanka, yau ba ni da ƙarfi." Na ji tsoron kada ya tafi bai duba ba. Na cusa masa a hannu. Babban yatsansa ya bi ƙarfen bakin kuben, ya tsaya a wata lotsawa.

"Nan harsashin da aka harbo min a Bama ya tsaya," in ji shi. Mutumin da sai an tayar, ya miƙe da kansa ya ƙame. Kakata ta rangaɗa guɗa.

Ya tafi da nasararsa. Allah Ya jiƙan Baba Soja, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya ba Kaka da iyayenmu haƙurin rashi. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.