Ranar da Dada Habibatu Ta Kira Sunan Ɗanta

Duk wanda ya tashi a wajen Ƙofar Wunti gab da samun mulkin kai ya san muryar Dada Habibatu. Doguwar Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Miri, mai tallan nono, ita ke kawo wa kakarmu kindirmo. Ga surutu, ga faɗa. Abu ɗaya ne ba ya fita daga bakinta: sunan ɗanta na fari, Hammajoda. Haka al'adarsu take, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. In zancensa ya taso sai ta ce "wancan". Ƙato mai mata da 'ya'ya biyu, amma wancan.

To, a daminar 1958 wancan ya taka kututture a wajen kiwo. Ƙafa ta kumbura, ta zama gyambo. Aka yi saiwa, aka yi man shanu, aka yi tofi, ƙafa sai wari take ƙarawa. Makiyayin da ba shi da ƙafa kuwa, shi da garkensa sun rabu ke nan. Kakarmu ce ta ce mata akwai wata sabuwar allura a ɗakin shan magani, ta kai shi.

Bari in faɗa muku yadda wurin yake, don ku ji haushin da nake ji har yau. Turawa dai nasu likitan yana can bariki, ba ruwansu da layi. Ma'aikatan En'e da 'yan cikin gari suna da benci a baranda, cikin inuwa. Mutanen ƙauye da na ruga kuwa gindin wata tsamiya aka bar musu, marasa lafiya su kwanta a nan, 'yan'uwansu su je taga karɓar kati. Katin kuma talatin ne a rana.

Zuwan farko sai da Dada ta gama tatsa, ta ɗora wancan a jaki, suka iso da hantsi. Kati ya ƙare tun kafin su wuce Miri. Suka juya.

Zuwa na biyu ta bar wa surukarta tatsar, ta yi sammako, ta isa taga. Malam Ɗanlarai mai ba da kati bai ko ɗaga kai ba.

"Sunan mara lafiya?"

"Wancan ne."

"Wane wancan?"

Ta nuna tsamiya da haɓa. Mutum ya fi ashirin a kwance.

"Baiwar Allah, suna nake tambaya! Ɗanki ne?"

Dada ta kawar da kai. "Ɗan mutanen gidanmu ne."

"To, wace unguwa?"

"Inda shanu suke."

"Shanun suna ina?"

"Yanzu ko da rani?"

Malam Ɗanlarai ya ajiye alƙalami. "Ni za ki yi wa wasa da safen nan? Na baya, matso!"

Da ta ba kakarmu labari, kaka ta riƙe baki ta ce, "Ke Habibatu, suna ne fa kawai, ba garwashi ba." Dada ta ce, "Inna, gara garwashin."

A zuwa na uku kaka ta raka su da kanta, ta faɗi sunan, ta kuma ara musu unguwarmu. Aka sami kati, aka shigar da Hammajoda gaban malamin asibiti, ƙafar a naɗe cikin tsumma. Malamin ya tambaya, "Tana ciwo?" Ku sani fa, mutumin nan ya taɓa shan bulalar sharo a gaban 'yan mata yana murmushi. Shi ne zai buɗe baki a gaban baƙo, uwarsa na leƙe ta taga, ya ce wayyo? Sai ya ce, "Kaɗan ne. Da sauƙi."

Malamin bai ko kwance tsumman ba. Allurar ba ta da yawa, an ce a ajiye ta don masu jin jiki. Ya ƙunsa masa ƙwayoyi a takarda ya ce ya tafi. Wanda ya shiga bayansa wani akawu ne mai mura, yana nishi kamar za a zare masa rai. Shi aka yi wa allura. Wallahi haka aka yi.

Akwai wata nas, Cecilia, 'yar wajen Dass. Tana wucewa ta gindin tsamiya ta ji warin, ta tsaya, ta ɗaga bakin tsumman. Ta dubi Dada ta ce, "Mama, ƙafar nan in ta ƙara kwana uku, yankewa za a yi. Ni ba ni da ikon mai da shi ciki. An riga an sallame shi, katinsa ya gama aiki."

Dada ta sauke ƙwaryar nono daga kanta, ta riƙe ta a hannu. Ta hau barandar nan da ba a taɓa ganin 'yar ruga a kanta ba, ta ratsa ta gaban masu benci, ta tsaya a bakin ƙofar malamin, ta juya ta ɗaga muryar da take tallan nono da ita.

"Hammajoda! Hammajoda! Taso nan! Ɗana ne, na fari, ni na haife shi! Ƙarya yake yi, kwana ashirin bai runtsa ba, ina jin sa!"

Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ya taso yana jan ƙafa, hawaye shaɓe-shaɓe a fuska. Malamin ya leƙo ya gan shi, sai cewa ya yi, "Af! Ashe yana jin jiki har da kuka. To me ya hana ku faɗa tun farko?"

Kaka ta ce da ba don an riƙe Dada ba, da ƙwaryar nonon nan a kan malamin za ta fashe.

An yi masa allura kwana bakwai. Yatsu biyu sun tafi, ƙafa ta tsira, kafin lokacin girbi ya koma bayan shanunsa. Dada kuwa ta shekara matan ruga suna yi mata dariya a bakin rafi, wai ga wadda ta yi tallan ɗanta a birni.

Mulkin kai ya zo, aka sauke tuta aka ɗaga wata. Benci yana baranda, tsamiya tana inda take, kati talatin. Sai Dada ta mai da tallanta gindin tsamiyar. Duk Bafulatanin da ya sauka daga jaki sai ta tare shi: "Kai, in an tambaye ka, ka ce tana ciwo. Ka yi nishi. Ba ka iya ba? Yi in ji." Ta koya wa dattawa masu furfura nishi, suna yi suna sunkuyar da kai.

Na taɓa tambayarta, bayan na girma, ko ta sake kiran sunan. Ta harare ni.

"Sunan wa?"

"Mai ƙafar."

"Wancan? Yana can wajen shanu. Miƙo kwanonka."