Shuɗin Malam

'Yata ta haɗa wa ƙawarta shafin intanet a waya, ko shayin da ke gabana bai huce ba. Ta ce, "Baba, kun ga sauƙi?" Na ce na gani. Ni nawa na farko wata huɗu ya ci.

Lokacin ina aikin sito a wata masaƙa a Sharada, ana ta raɗe-raɗin za a rufe ta. Akwai wani dattijo mai zana mana atamfa, kowa Malam yake ce masa. Tsoronsa ɗaya ne: a garƙame ƙofa, gara ta cinye takardun zanensa. Ni kuwa na ɗan koyi haɗa shafi don sha'awa, ga rawar kai, sai na ce zan adana masa su inda gara ba ta zuwa.

Duk Asabar sai mu hau acaɓa zuwa wani kafe na intanet a Bompai. Komai da hannu nake rubutawa, launi ma lamba ce. Hoto layi-layi yake saukowa, in an ɗauke wuta mu koma farko. Wannan bai taɓa damun Malam ba. Launi ne rigimarmu. Sai ya zaro ƙyalle daga aljihu ya kara a jikin allon kwamfutar.

"Ɗana, wannan ba shuɗina ba ne."

"Malam, ku duba da kyau."

"A ɗaki ake duba launi? Ɗauko ta mu fita rana."

Haka dokar masaƙa take, ba a yarda da launi sai an gan shi a rana. Mai kafe ya yi mita ya gaji, ya ja mana tebur zuwa bakin ƙofa. Rana ta bugi allon, komai ya dushe. Malam ya girgiza kai ya ce, "Ka gani? Zuba take yi." Na yi dariya har da hawaye, shi ko a jikinsa. Ina ƙaunar tsohon nan.

An rufe masaƙar, takardun suka salwanta. Malam ya rasu da yaƙinin zanensa yana nan. Daga baya kamfanin da ya ba mu wuri kyauta ya goge shafukan jama'a, ni kuma ban ajiye kwafi ba. Abin yana cina har yau.

Ƙyallen nan da Malam ya bar min kaɗai ya rage. Na ɗauko shi daga akwati na ba 'yata, ta ɗauki hotonsa, nan take ya hau intanet. Ta miƙo min wayar tana murmushi.

Na ce, "Tashi mu fita rana."